Malam Gali Bulkachuwa da Sharaɗin Rijiya

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Gali Yakubu a garin Bulkachuwa ta ƙasar Katagum cikin daminar shekarar 1957. Mahaifinsa Malam Yakubu mahaƙin rijiya ne, mahaifiyarsa kuwa, Adda Suwaiba, Bafulatana ce daga rugagen gabashin gari. A ƙofar gidansu akwai rijiya mai gaba goma sha huɗu wadda mahaifin ya haƙa ya bar wa jama'a sadaka, bisa sharaɗi guda tak: wanda ya riga zuwa shi ke riga zura guga, ko matar dagaci ce ko makiyayin da ba a san sunansa ba. An sha yin fushi da tsohon a kan haka, amma ko sau ɗaya bai sassauta ba.

Karatu da Aiki

Ya shiga firamare a 1964, ya sauke Alƙur'ani a 1971, sannan ya wuce makarantar koyon sana'a. A 1977 ya kama aiki a gidan waya na Azare a matsayin mai gyaran wayoyin tarho. Abokan aikinsa sun shaide shi da wani hali: in ya hau falwaya sai ya manta da saukowa. Yakan kara kunne yana sauraron amon wayar, yana ganin muryoyin mutane suna tafiya a jere ta saman gonakin gero, kowace ɗauke da saƙonta, babu mai ture wata. Sai an yi ta ƙwala masa kira daga ƙasa, shi ya sa aka laƙaba masa Gali na Sama.

Aure da Kasa-kasai

A 1981 ya auri Halimatu Sadiya, 'yar garin Yana, mace mai barkwanci wadda takan ce ta auri miji ne rabinsa a gida rabinsa a gajimare. A 1983 ya sayi rikoda ya fara ɗaukar muryoyin tsofaffi, majema da makiyaya da ungozomomi, kowa yana bayanin sana'arsa da zamaninsa, har ya tara kaset ɗari biyu da goma sha biyu. Na farko na mahaifinsa ne yana ba da labarin rijiyar, kuma daga can cikin gida ana jiyo Halimatu Sadiya tana cewa tuwo zai huce. Bayan rasuwarta a 2016, ba abin da ya rage masa na muryarta sai wannan.

Shafin Bakin Rijiya

Ya yi ritaya a 2007. A 2017 autarsa Khaulat, wadda ta karanta ilimin kwamfuta, ta ɗora muryoyin nan a intanet, a shafin da ya raɗa wa suna Bakin Rijiya. Murna a wurinsa ba a magana, don a zatonsa duk jikan da ke Legas ko Makka zai ji kakansa. Ashe da sauran aiki. Yawancin mutane data mai araha suke saye, irin wadda manyan shafukan zumunta kaɗai take buɗewa, shafinsa kuwa sai da cikakkiyar data, kuma ko da ita sai an sha jira. Makiyayi zai zo da ɗokin jin muryar ubansa, ya ƙura wa waya ido har ya gaji ya tafi. Wannan abu ya ci wa Malam Gali rai ƙwarai.

A majalisarsu ta bakin kasuwa aka yi ta tafka muhawara. Amininsa Alhaji Maikuɗi, mai sayar da wayoyi, ya dage cewa data mai araha rahama ce ga talaka, kuma da gaskiyarsa. Wasu suka ce gara ma hukuma ta hana kowa buɗe shafi sai da lasisi, saboda ƙarya da ƙazafi sun yi yawa, wanda da an yi haka da Bakin Rijiya ya rufe. Shi kuwa Malam Gali ra'ayinsa bai wuce na ubansa ba: hukuma ta tsaya ta tsare layi kada kamfanin sadarwa ya fifita wani shafi a kan wani, amma ba ita za ta zaɓi wanda ya cancanci shan ruwa ba.

Zaman Bauchi

A 2022 aka kira wani zaman jin ra'ayin jama'a a Bauchi kan ka'idojin intanet, inda aka ba kowa minti uku, bi da bi yadda aka rubuta suna. Kwana arba'in ya yi yana tisa jawabinsa a gindin darbejiya. Ranar zaman ya riga kowa isa, sunansa ne na ɗaya a takarda.

To, a nan ne fa tarbiyya ta yi masa tarnaƙi. Ana kiran sunansa sai ga wani dattijo mai sarauta ya shigo, Malam Gali ya rusuna ya ce ya fara. Da aka sake kiransa ya hangi lauyan wani kamfani da ya taso daga nesa, ya ga bai kamata ya riga baƙo ba. A karo na uku ya bar wa wani malami da ya girme shi. Magatakarda ya gaji ya mayar da sunansa ƙarshen takarda, ana kiran la'asar aka rufe zaman bai ce uffan ba.

A motar komawa Khaulat, wadda ta raka shi, ta yi kuka don takaici. Shi kuwa ya ce, "Da Baba na da rai da ya kore ni daga bakin rijiyarsa. Ni na riga zuwa, kuma ni na ɓata layin."

Suna isa gida ta kunna waya don ɗaukar murya ta ce ya yi jawabin nasa. Ya yi shi a tsaye, minti uku cif, ya zama murya ta ɗari biyu da goma sha uku a shafin.

Rasuwa

Malam Gali ya rasu a Azare a watan Agusta na 2024 bayan gajeriyar jinya, yana da shekara sittin da bakwai. An yi masa sutura a Bulkachuwa, kusa da kabarin mahaifinsa.

Ranar sadakar uku Alhaji Maikuɗi ya ce lallai a wayarsa za a ji jawabin da ba a ji a Bauchi ba. Datarsa mai araha ta ƙi buɗe shafin, ya sunkuyar da kai ya sayi cikakkiya. Duk da haka sai da aka yi minti goma sha ɗaya ana jira, attajirai da makiyaya a tabarma ɗaya, ba wanda ya tashi. Sannan muryar ta fito: "Sunana Gali, ɗan mai rijiya. Ban ce a sa ni gaba ba. Cewa na yi in lokacina ya zo, a bar ni in zura gugana."

Ya bar 'ya'ya biyar, Jabiru da Zulaiha da Najmuddeen da Saliha da Khaulat, da jikoki goma sha tara. Shafin yana nan, har yau kuma yana da nauyin buɗewa. Wanda ya yi haƙuri zai ji wani tsoho yana bayanin rijiya, da wata mace daga can cikin gida tana cewa tuwo zai huce. Allah ya jiƙan su baki ɗaya, ya sa Aljanna ce makoma.