Ƙotar Fartanyar Nazira

Tun ranar da aka kai Nazira gidan Tannus, a wani ƙauye kan duwatsun Labanan, aikinta figar tsuntsaye. Mijin ba ya harbi. Danƙo yake dafawa, ya shafe tsinkaye da shi, ya jera a rassan zaitun, duk ɗan tsuntsun da ya sauka ya maƙale. Ya kawo mata cike da hula, ta murɗe masu sauran rai, ta fige, ta soya, shi da abokansa su taune har ƙashi, su kora da giyar inabi. Ɗa ɗaya ta haifa, Milad, ya girma ya tsallaka teku, gidan ya koma ba abin da ake ji sai tarin Tannus.

Sai da furfura ta gama cin kanta sannan ta yi aboki. Wani hunturu tana kaftu a lambu, sai ga abu-hinna, ɗan tsuntsun nan mai jan ƙirji kamar ya sha lalle, ya dira bayanta yana tsintar tana. Ta fige irinsa ba iyaka, amma ba ta taɓa ganin mai rai ya karkata kai yana kallonta ba. Ta fara bar masa ɓarɓashin cuku. A hankali ya saba, idan ta kafa fartanya a ƙasa ta yi ɗan fito, sai ya sauko kan ƙotar ya ci a tafinta. Tana gane shi da wani farin gashi a fiffiken hagu. Ta so tsuntsun nan, so na gaske, har kunyar kanta take ji.

Shi kuwa Tannus ido ya yi rauni, kamu ya ja baya, 'yan gidan gahawa suka samu abin yi.

"Tannus, bana sai dai ka soya mana danƙon!"

"Ku ƙyale tsoho. Gara ma matarsa, ita har hannu tsuntsu ke zuwar mata."

Ya yi dariya tare da su, irin wadda ba ta wuce haƙori. Mutum ne da ba ya yafe a yi masa dariya.

Washegari Nazira ta tarar da fartanyarta a kafe. Ta ɗauka ita ta manta ta haka. Ta yi fito, abu-hinna ya sauko da saurinsa, ƙafafunsa suka kama a danƙon da aka shafa wa ƙotar. Ya buga fiffike, fiffiken ma ya manne. Tannus ya fito daga bayan katanga yana tafi.

"Sannu da aiki, Maman Milad! Ashe ke ce gwanar gidan."

"Baban Milad, don girman Allah, wannan ɗaya tak ka bar mini."

"Ke, wa ya ce yanka shi zan yi? Ɗan kira nake so. Riƙe mini shi in ɗauko zare."

Ta san abin da yake nufi. Abu-hinna ba ya ƙaunar ganin jan ƙirjin ɗan'uwansa. Za a ɗaure shi ta ƙafa a reshe, a kewaye da tsinkayen danƙo, 'yan'uwansa su zo faɗa su maƙale, shi kuma ya yi ta lilo yana kuka har ƙishirwa ta gama da shi.

Ta sa yawu tana ƙoƙarin ɓamɓare shi. Gashin ya biyo ƙotar, fata ta fito, fiffike ɗaya ya lanƙwashe. Ko ta sake shi ba inda zai je. Ta ji takun mijin. Ta rufe ido, ta danna babban yatsa a wuyan, yadda hannunta ya saba.

Tannus ya dubi gawar, ya dubi matar, ya ja tsaki ya mayar da zaren aljihu.

"Kin yi mini asara. To, tsayuwar me kike yi? Fige shi, kuma kar ki cika gishiri."

Ta zauna a bakin ƙofa ta fige shi, da sauran ɗuminsa.