Karen Gonar Gwangwani

Har yau ban iya jefar da gwangwanin madara ba. Jiya da safe na juye ɗan garin da ya rage a cikin wani, na ɗauraye shi, na kife a bakin taga. 'Yata ta gani ta yi dariya, ta ce, "Ummi, halas mana, ya isa haka, gida duk ya cika da gwangwani." Kafin in ba ta amsa iska ta ture shi, ya faɗo yana gangarawa a ƙasa. Ƙarar nan ce ta mayar da ni unguwar Karantina a Jidda, saman gidanmu, wajen kakata da wani kare da har ya mutu ba mu san irinsa ba.

Kin san dai ruwan Jidda, ke mai karatu, ko kai. Sai a shekara ba a ga ɗigo ba, ran da ya zo kuma sai ya zo da na bara. A irin wannan safiyar ce, ina da shekara tara ko goma, muka fita ni da Kaka, mahaifiyar Baba, duba ko ruwa ya tafi da teburin da take sayar da gyaɗa a ƙofar gida. Lungu ya zama kogi, warin kwata da na jiƙaƙƙen kwali sun cika ko'ina. Sai muka ji wani ɗan kuka siriri daga bakin lambatu. Ɗan kwikwiyo ne, waya ta naɗe masa ƙafar baya, ruwa ya kai masa wuya.

Kaka ba ta yi shawara da kowa ba. Ta sa ƙugiyar sandarta ta jawo shi, ta ce in kawo buhu. A cikin buhun shinkafa muka hau da shi sama.

Saman gidan nan daular Kaka ce. Can take shanya, can take shan iska, can kuma ta jera gwangwanayen madara guda bakwai da ta shuka yakuwa da rama da barkono a ciki, da irin da alhazai ke kawo mata daga gida a ƙullin leda. Sai dai ba ta taɓa cin moriyarsu yadda take so ba. Da ganye ya leƙo, tantabaru da hankaki sun sauko sun tsinke. Kullum tana cikin yi musu Allah ya isa.

Da Baba ya dawo ya ga abin da ke cikin buhu, ya juya wajen Kaka. Mutum ne mai sanyi, direban motar ɗaukar kaya, bai taɓa ɗaga wa uwarsa murya ba. Ya ce, "Inna, kare a gidan da ake salla?" Ta ce, "A sama yake, ba a kan dardumarka ba. Bari ƙafar ta warke." Ya ce to.

Ƙafa ta warke a wata biyu, shi kuma ya miƙe ya zama wani abin kallo. Ƙafafu dogaye sirara, ƙirji faffaɗa, launinsa kamar shayin da madara ta yi wa yawa. Kunne ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Wutsiya kuwa ta nannaɗe kamar awarwaro. Kaka ta sa masa suna Baƙo. Ni ke kai masa sauran shinkafa a wani tsohon kwano da ba ya sauka ƙasa, in na gama in wanke hannu har gwiwa kafin mahaifiyata ta bar ni in taɓa komai a kicin. Ba na mance yadda yake jin tafiyata tun daga matakala ta farko, ya kama buga wutsiya a jikin tankin ruwa kamar mai kiɗan ƙwarya.

Maƙwabta suka fara magana. Wasu mata suka daina aiko yaransu gidanmu. Ran wata Asabar Baba ya zauna gaban Kaka, ya sunkuyar da kai, ya ce ya tambayi malamin masallacinmu. Malam ya ce ana ajiye kare ne don farauta, ko kiwo, ko gadin gona. In Baƙo ba ya ɗaya daga ciki, to ran Juma'a bayan an sauko zai sa shi a mota ya kai shi bayan gari ya sake shi. Na san abin da bayan gari yake nufi a zafin Jidda. Ba inuwa, ba ruwa.

Daga nan neman sanin irin Baƙo ya zama aikin lungunmu gaba ɗaya, domin kowa ya ce in an san irinsa an san aikinsa.

Mai burodin tamis na bakin titi, ɗan Yaman, shi ya fara. Ya tsuguna daga nesa, ya ƙare wa ƙafafun kallo, ya ce, "Wallahi ya Hajja, salugi ne, karen farautar Larabawa. Wannan barewa ma ba ta tsere masa." Muka kai shi bayan shago inda ɓeraye ke wasa da rana tsaka. Wani ƙaton ɓera ya fito ya wuce ta gabansa. Baƙo ya bi shi da ido, ya yi hamma. Can sai wata kyanwa mai ido ɗaya ta taso masa, ya kwasa da gudu har gida. Mai burodi ya ce, "Kun gani? Gudun dai na salugi ne."

Maƙwabcinmu ɗan Sudan ya ce sam, wannan ƙirjin na karen makiyaya ne, ya san su tun yana yaro. Akwai akuyar raɗin suna a ɗaure a gidansa, ya ce a kawo shi a gani. Akuya ta dube shi sau ɗaya ta sunkuyar da ƙaho. Baƙo ya shige bayan zanen Kaka, kunnen nan na tsaye ma ya kwanta. Kaka ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "To, ga akuya tana kiwon kare."

Gadin gida kuwa ba a ma yi maganarsa ba. Duk wanda ya hau sama, ko mai tukunyar gas ne da bai taɓa gani ba, Baƙo zai kwanta ya ba shi ciki ya sosa.

Ran Laraba na hau sama da kwanonsa, na zauna jikin tanki na yi ta kuka. Kaka na gefe tana tsinkar yakuwa a faranti, ba ta ce min in yi shiru ba. Sai ga tantabaru uku sun sauka a bakin katanga. Kafin su taɓa ƙasa Baƙo ya bar abincinsa ya yi kansu da haushi, har ya ture wani gwangwani ya yi ta gangarawa. Suka watse. Ya dawo ya ci gaba da cin shinkafarsa.

Kaka ta dubi farantin da ke cinyarta, cike da ganye. Ta dubi kare. Ta ce, "Ke 'yar nan, yaushe rabon da in yi wa tsuntsu Allah ya isa?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Share hawayenki. Bi gida-gida ki ce ina neman gwangwani, duk wadda ta kawo tana da rabo a yakuwa."

Abin da ya fi ba ni dariya yanzu, matan da suka hana yaransu zuwa gidanmu su suka fi kowa aiko da gwangwani. Wace ce za ta ƙi miyar yakuwa a ƙasar da ba a sayar da ita a kasuwa? Kwana biyu muna huda gindin gwangwani da ƙusa, muna hawa da ƙasa a bokiti. Kaka ta raba dashe, ta zuba sabon iri, ta jera su layi-layi kamar kunya.

Ran Juma'a ta ce wa Baba ba za a taɓa karen ba sai malam ya zo da kansa. Malam tsoho ne, ya hau matakalar nan yana hutawa. Da ya iso ya tsaya ya riƙe ƙugu. Kaka ta ce, "Malam, sannu da zuwa gonata."

Ya ce, "Hajiya, gona a gwangwani?"

Ta ce, "An shuka?" Ya ce an shuka. "Ana ban ruwa?" Ya ce ga alama. "To miyar da na aika maka ran Talata, ka dawo da kwano kamar an wanke, daga ina ka zata ta fito?"

Malam ya buɗe baki zai yi magana, sai hankaka ya sauka kan barkono. Baƙo ya tashi kamar an harba shi. Malam ya ja da baya yana tattare babbar riga, sannan ya fashe da dariya. Ya juya wajen Baba ya ce, "Ni dai ban taɓa karanta inda aka faɗi faɗin gona ba. Karen ya zauna a sama, a kula da tsarki." Baba ya saki wani dogon numfashi, ya mayar da makullin mota aljihu. A ranar na gane shi ma bai so tafiyar ba.

Suna sauka malam ya waiwayo ya ce, "Amma Hajiya, wai wane iri ne?" Kaka, wadda ita ma a ƙafa ta iso ƙasar nan tana yarinya, ta ce, "Ya zo ba takarda, ya sami sana'a. Me kuma ake nema?"

Shekara goma sha ɗaya Baƙo ya yi yana gadin gonar nan. Kaka ta riga shi tafiya da shekara biyu, Allah ya jiƙanta, ni na ci gaba da ban ruwa har aka yi min aure. Yanzu lungun ma babu shi, an rushe Karantina, in na wuce ba na iya nuna inda ƙofarmu take. 'Yata ta ce a zamanin nan ana aika yawun kare wani wuri a faɗa maka kakanninsa kaf. Na ce madalla, amma da an yi haka a lokacin, da an rage mana dariyar mako guda.

A nan unguwar Waziriyya gwangwani huɗu gare ni a bakin taga, jiya na ƙara na biyar. Tantabaru sun gano su. Da na ji saukarsu nakan taso daga kicin ina kaɗa ludayi, su kuwa sai su matsa kaɗan su tsaya suna kallona. Sun san ban iya haushi ba.