Hannuwan Ticha Mumin

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, ana tsuga ruwan sama, labari ya iso makarantarmu a unguwar Nima cewa Allah Ya yi wa Malam Abdul-Mumin Ziblim rasuwa. Ticha Mumin, malamin kimiyya. Jiri ne ya ɗebe shi a hanyarsa ta zuwa aiki, aka garzaya da shi asibiti, kafin likita ya gama duba shi rai ya yi halinsa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ni Abdul-Hakim Iddrisu, mai koyar da Larabci a ajin da ke jikin nasa, ni aka ɗora wa nauyin shiga in faɗa wa ɗalibansa. Ban taɓa yin aikin da na tsana irin wannan ba.

Mumin, da kai zan yi magana, don ban saba ba da labarinka a bayan idonka ba.

Ka zo mana da abin da malamai suka ɗauka wasan yara ne. Ka ce yaran Zango za su ƙera robot, 'yar na'ura mai tayoyi da ke bin layi da kanta, su kai ta gasar da makarantu ke yi kowace shekara. Ka ce duk yaron da ya ga abin da hannunsa ya haɗa ya motsa, ya daina tsoron lissafi ke nan, kuma daga irinsu injiniyoyi ke fitowa. Kayan aikin ma a wurin masu gyaran rediyo da 'yan gwangwan kake tsinto su. Tsohuwar firinta, matacciyar fanka, duk abin da wani ya jefar kai sai ka kwaso.

Da dattawan masallacin unguwa suka ji ana cewa mutum-mutumi, sai hankalinsu ya tashi. Ba ka yi musu gardama ba. Ka ɗauki na'urar ka kai wa Liman har zaure. Ya jujjuya ta, ya ce babu kai babu fuska, amma waɗannan ramuka biyu na gaba ai idanu ne. Ka ce, "Baba, ba gani suke yi ba, nisan bango suke aunawa." Ya ce shi dai kallonsa suke yi. Sai ka sa yara suka juya abin, rami ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Liman ya yi murmushi ya sa albarka. Har yau da wannan ake gane robot ɗin Nima a wurin gasa.

Amma abin da kowa ya san ka da shi, hannuwanka ne. Da zarar yara sun zauna aiki sai ka harɗe su a baya, ba ka sakinsu sai an tashi. Waya ta tsinke, taya ta fice, yaro har ya yi hawaye, kai kana tsaye. Iyakarka tambaya: "Me ka gani? Me ya canza?" Dokar gasa ce malami ba ya taɓa na'ura a cikin fili, kai kuwa ka mai da ita dokar kullum. Na sha ce maka wannan ai mugunta ce, gyaran da za ka yi nan take ka bar yaro ya yini a kai. Sai ka ce, "Hakim, ni ba zan bi su jami'a ba."

Shekarar farko mun sha kunya. Yara sun saita na'urarsu a kan simintin ajinmu mai duhu. Da aka ajiye ta a kan farin allo mai ƙyalli, ƙarƙashin fitilun zauren gasa, sai ta ruɗe ta yi ta zagaye wuri ɗaya, mutane suna dariya. Na ga a fuskarka ka gane matsalar, amma ba ka ce uffan ba. A cikin trotro, motar hayar da muke komawa gida, babu yaron da ya kula ka. Ranar Litinin wata 'yar aji ɗaya, Latifatu, ta same ka ta ce, "Ticha, hasken ne." Ka shigo ajina kana rawar jiki kamar an yi maka haihuwa.

Wannan Latifatu ce ta jagoranci tawagar bana, kuma a bana take gama ƙaramar sakandare. Kai kana so ta wuce makarantar kimiyya. Mahaifinta, Malam Garuba, mai shagon takalma a kasuwar Tudu, yana so ta zo shago da ta gama jarrabawa. Ba mugun mutum ba ne. Ya ga masu digiri suna yawo babu aiki, ga shi ƙarfinsa ya fara raguwa. Ka yi ta sintiri zuwa Tudu har masu dako suka san ka. Da ƙyar ya yarda zai zo ya ga gasar da idonsa, sannan ya yanke shawara. Gasar tana gabanmu ka tafi ka bar mu.

Ina cikin waɗanda suka yi maka wanka. A nan na ga tafin hannuwanka da kyau. Duk tabon ƙuna ne da yankan ƙarfe, na ɓaɓɓalle tsofaffin injuna don yara su sami abin aiki. Wallahi sai da na fita waje na yi kuka.

A wurin zaman makoki Malam Garuba ya ja ni gefe, ya ce da irin Hausarmu ta Zango, "Ticha, magana ya ƙare. Mai riƙe yarinyan ya tafi. Zai zo shago." Na ce masa alkawari ya ɗauka, wanda ya yi wa alkawarin kuma ba ya nan balle ya yafe. Sai ya ce zai zo.

Ni na raka yaran, ni da ban san komai a harkar ba. Na'urar ta tashi lafiya, ta bi layi, da ta zo kwana sai ta tsaya cak. Alƙalai suka ba da ɗan lokacin gyara. Mumin, Latifatu ta juyo ta dubi wurin da ka saba tsayawa, sai ta gan ni. Ba ni da abin da zan ba ta. Ban san lokacin da hannuwana suka koma baya ba. Ta kalle ni, hawaye suka zubo mata, ta share da bakin hijabi, ta durƙusa ta buɗe cikin na'urar. Tana magana ita kaɗai, kuma na ji abin da take cewa: "Me ya canza?" Ta gano wayar da ta saki, ta mayar. Na'urar ta motsa ta ƙarasa layin a makare. Ba mu ci ba, ko kusa ba mu zo ba.

Muka fito titi tare da Malam Garuba. Can ya ce, "Ticha Mumin bai taɓa gyara musu ba?" Na ce ko sau ɗaya. Ya daɗe yana kallon 'yarsa rungume da na'urar, sannan ya ce, "To ya je makarantan."

Wannan ce maganar da ka yi ta zarya Tudu don ka ji, kuma ba ka ji ta ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Har yanzu ba a sami wanda zai maye gurbinka ba, ban kuma san ko za a samu ba. Da la'asar nakan buɗe wa yara ɗakin da suke aiki in tsaya a bakin ƙofa. Suna aiki, amma babu mai dariya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Fuseina, da 'ya'yanka Rahim da Wadia, da danginka na nan da na arewa, da ɗalibanka na Nima da Maamobi. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari. Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa duk abin da yaran nan za su ƙera mai amfani ya zama sadaka mai gudana a gare ka. Hannuwan nan da ka ɓoye mana a bayanka, ranar da za a tashe mu, Allah Ya miƙa maka littafinka a na dama. Amin.