Baba Kati da Durowar Masu Gudu

Shekara talatin da ɗaya Baba Kati ya yi a ɗakin kati na ƙaramin asibitin unguwarsu, har mutane suka manta sunansa na gaskiya. Matarsa ma in ya ba ta haushi, "Kati" take ce masa, ta cire Baban.

Ɗakin ba wani ɗaki ba ne. Taga ɗaya ce da ake miƙo hannu ta cikinta, da fanka mai juyawa in ta ga dama, sai durowoyin katako tun daga ƙasa har rufi. Amma duk wanda ya taɓa zuwa asibitin, ko da ciwon haƙori ne ya kawo shi, katinsa yana nan, kuma Baba zai zaro shi kafin mutum ya gama gaisuwa.

Ba wanda ya iya aikin sai shi, don ba ya jera kati da suna ko lamba. Ya ce suna kan canza, lamba kuwa ba mai riƙewa, hali ne kawai ba ya barin mutum. Saboda haka da hali yake jerawa. Akwai durowar Masu Cewa Ba Komai, waɗanda sai an ɗauko su ranga-ranga. Akwai ta Waɗanda Matansu Suka Jawo. Akwai ta Likitocin Kansu, masu zuwa da sunan cutar da na maganin, sa hannu kawai suke nema. Can ƙasa kusa da ƙafarsa kuma akwai wadda ya rubuta wa MASU GUDU da jan fenti, ta mutanen da in suka ga allura sai dai a bi su da takalmansu.

Ana nan sai gwamnati ta kai wa majalisa ƙudirin gyaran harkar lafiya. Baba bai taɓa damuwa da majalisa ba, sai ranar da Sista, babbar nas ɗin asibitin, ta leƙo ta taga ta ce, "Baba, ka ji sashe na sha bakwai?"

"Na wane littafi?"

"Na ƙudirin nan. Wai duk katin takarda za a ƙone shi cikin kwana casa'in, a koma kwamfuta. Ɗakin nan kuma a rufe."

"Ni kuma fa?"

Sista ta dubi fanka. "Kai ba su rubuta ka ba."

Daga ranar Baba ya zama ɗan majalisa na cikin gida. Da ya dawo daga aiki sai ya kafa kunne a rediyo yana jiran a zo kan sashensa. Ya sha muhawarar dokar ragar kamun kifi kwana uku. Ya saurari ta tsawon gadoji da ta hayaƙin motoci, har ya fara ɗaukar ɓangare.

"Maigida," in ji matarsa, "kai da ko kogi ba ka taɓa shiga ba, ina ruwanka da girman ramin raga?"

"Ki yi shiru, ƙila daga kifi su faɗo kaina."

Da ƙudirin ya tsallake karatu na biyu, aka miƙa shi ga kwamitin lafiya ya tantance, kwamitin kuma ya ce zai zagaya asibitoci ya gani da ido. Asibitin su Baba na cikin jerin.

Babban likita ya sa aka yi fenti har a jikin duwatsun bakin hanya. Aka aro kwamfuta guda, aka ɗora ta a kan tebur mai mayafi. Sannan ya kira Baba, ya dafa kafaɗarsa.

"Baba, ka san ina ganin girmanka. Amma in mutanen nan suka ga durowar Waɗanda Matansu Suka Jawo, ni ma ƙone ni za su yi. Ranar ka zauna a ciki, ka rufe baki."

Aka rataya wani ƙaton ƙyalle mai hoton iyali suna murmushi, ya rufe ƙofar ɗakin da tagar gaba ɗaya. Baba ya nemo ƙusa ya huda ɗan rami daidai idon mahaifin da ke hoton, ya zauna yana leƙe.

Kwamiti ya iso da hantsi, mutum bakwai da masu ɗaukar hoto. Shugabansu ƙato ne mai murya kamar ana mirgina ganga. A bayansa akwai wata 'yar adawa siririya mai tabarau, wadda Baba ya gane muryarta daga rediyo, don ita ce ta hana dokar kifi wucewa. Shugaba ya yi jawabi a kan zamani da ci gaba. Yana cikin zafin jawabin sai ɗaya daga masu hoto ya ce ai da Ranka ya daɗe zai karɓi allurar rigakafin da ake yi wa manya a wannan makon, da jama'a sun yi koyi.

"Ƙwarai kuwa!" in ji 'yar adawa, tun kafin ya buɗe baki.

Aka tafa. Babban likita ya ce bari a fara duba tarihinsa a kwamfuta, yadda sabuwar doka ta tanada. Kwamfuta ta yi ta juya wani ɗan zobe, ta juya, ta juya, daga ƙarshe ta ce ba ta san shi ba. Sista ta zuƙo allura ta ɗaga sama.

A nan ne Baba ya ga abin da ya gani. Shugaba ya karkace a kan kujera, ƙafar hagu ta nufi ƙofa, diddigensa ya fara zamewa daga cikin takalmi. Fuska ta canza, tumbi ya fito, gashi ya tafi, amma wannan diddige Baba ya san shi. Wani ɗan makaranta ne mai shekara sha tara, wanda aka taɓa kamowa daga bayan tankin ruwa, aka yi masa irin wannan allura, fuskarsa ta kumbura har idanunsa suka ɓace, ya kwana biyu a gado. Likitan lokacin ya ja layi biyu da jan biro a katin: kada a sake.

Baba ya tuna kafaɗar da aka dafa, ya tuna sashe na sha bakwai. Sannan ya ga Sista ta goge dantsen mutumin da auduga.

"Sista, tsaya! Kar ki yi masa!"

Kowa ya juya, don a ganinsu mahaifin da ke jikin ƙyalle ne ya yi magana. Ƙyallen ya motsa, ya faɗi, Baba ya fito. Don sauri bai tsaya zaro kati ba, durowar ya fizgo gaba ɗaya ya rungumo ta a ƙirji. Ya laluba, ya miƙa wa babban likita katin. Likita ya karanta, ya dubi Sista, Sista ta mayar da allura cikin tire a hankali.

"Baba, karanta mana abin da ke ciki, a sa a rahoto," in ji 'yar adawa.

"A'a, ranki ya daɗe. Abin da ke cikin kati sirrin mara lafiya ne. Ko matarsa ba zan karanta wa ba."

Ya faɗi haka yana tsaye ƙyam, cike da mutunci, ga durowa a ƙirjinsa da jan rubutu ɓaro-ɓaro yana kallon masu hoto. 'Yar adawa ta gyara tabarau, ta karanta rubutun durowar a bayyane, harafi bayan harafi. Shugaba kuwa a lokacin yana laluben takalminsa na hagu a ƙarƙashin kujera.

Baba ya koma gida ya ce wa matarsa ta fara nema masa wurin ajiye kujera a ƙofar gida, zaman gida ya zo.

"Kati," ta ce, "ka ceci ran mutum, ka kuma kashe shi a jarida, duk kafin azahar. Ko likita bai taɓa haɗa biyun ba."

Bayan mako biyu takarda ta zo, kwamiti na kiransa zaman jin ra'ayin jama'a. Ya sa rigarsa mafi kyau ya tafi yana jiran hukunci. Minti biyar aka ba shi, ya ci arba'in. 'Yar adawa ta tambaye shi jan layi nawa ne a ɗakin nasa. Ya ce bai ƙirga ba, amma ya san masu su, ya san kuma kwamfuta ba ta san ko ɗaya ba. Shugaba kuwa, ƙafafunsa biyu dai suna cikin takalmi.

Ranar da aka karanta rahoton kwamiti, Baba yana gaban rediyo. An yi wa sashe na sha bakwai gyara biyu. Na 'yar adawa ya ce ba za a ƙone kati ko ɗaya ba sai an kwafe shi cikin kwamfuta a gaban mai kula da shi. Na biyu Shugaba ne ya kawo shi da kansa, ya kuma kare shi da zafi: haramun ne a rubuta komai a jikin durowar asibiti in ban da lamba.

Baba mai bin doka ne. Washegari ya shafe rubutun duka, ya sa lambobi, ta Masu Gudu ta zama lamba huɗu. Yanzu in ka ji Sista ta ce, "Rufe ƙofa, ɗan lamba huɗu ne," kai ma ka san zancen. An kawo wata mata mai buga kwamfuta, suna kwafe kati ashirin a rana, don kowane kati sai Baba ya ba ta labarinsa. Babban likita ya ce a haka shi zai riga ɗakin yin ritaya.

Watanni bayan haka Shugaba ya zo shi kaɗai, ba masu hoto, wai a ɗebi jininsa a auna. Ya zauna, ya damƙe hannun kujera, diddigen ya ɗaga kaɗan, ya koma. Da aka gama ya leƙo ta taga ya ce a hankali, "Baba, ka gani dai ko?"

"Na gani, ranka ya daɗe."

Baba ya zaro katin daga lamba huɗu, ya hure masa ƙura, ya ɗaga shi hawa ɗaya zuwa lamba biyar, wadda a da ake kira Masu Rufe Ido.