Gurbin Adireshi

Susanna Bature ba ta ɗaukar biro sai mara lafiya ya gama magana. Shekara ashirin da shida tana aikin jinya a wani ƙaramin asibitin mishan a Sabon Gari, kullum haka take yi: ta naɗe hannu, ta saurara, sannan ta rubuta. Ranar Talata ita ke ganin masu karɓar maganin ciwon nan da ba a son kiran sunansa. Duk matar da mijinta bai san tana da ciwon ba, Susanna kan bar wurin adireshi fayau a katinta. Ba wanda ya koya mata, ba kuma wanda ta gaya wa.

A shekarar 2007 masu ba da tallafi suka kawo kwamfuta. Aka ce a riƙa cike komai tun mara lafiya na zaune, kowa minti biyar. Mordecai, shugaban sashen, ya kan leƙo ta taga.

"Mama, yatsa biyu kike bugawa kamar kaza na tsintar dawa. Layi ya kai bakin titi fa."

"Ɗana, kaza ma takan ɗaga kai ta duba shaho."

Ya yi dariya ya wuce. Ita kuwa na'urar ba ta buɗe shafi na gaba sai an cike kowane gurbi.

Wata Talata Lovelyn ta shigo, mai sayar da gwanjo a kasuwar Samaru, uwar yara uku. Janareta na tari, Mordecai ya leƙo sau biyu. Idon Susanna na kan haruffa ta ce, "Ina gidanki, 'yata?"

Da Susanna ta ɗaga kai, da ta ga yadda fuskar Lovelyn ta canja.

"Dogarawa, Mama. Bayan injin niƙa."

Ta buga. Shafi ya buɗe. Ranar aka yaba mata, ta sallami mutum arba'in kafin ƙarfe biyu.

Bayan wata biyu Lovelyn ta tafi Kagoro jana'izar mahaifiyarta, ranar karɓar maganinta ta wuce. Na'ura ta fitar da sunayen waɗanda ba su zo ba, aka tura ma'aikaci a kan babur, sanye da riga mai sunan shirin masu ciwon a baya. Mijin Lovelyn ya tarar a ƙofar gida.

Lovelyn ta zo sau ɗaya bayan haka, mayafi ya rufe mata rabin fuska. Ta ce yanzu a Palladan take, ɗakin wata ƙawarta. Yaran suna wurin ubansu.

"Mama, da can ba kya tambayata gida."



Susanna ta roƙi a cire gurbin adireshin daga na'urar. Mordecai ya ce daga Abuja aka tsara shi, shi ba shi da iko. Sai ta kwaso tsofaffin katunan da ba su da adireshi, guda sittin da uku. Lokacin cin abinci takan nemo kowane suna a kwamfuta, ta goge unguwar da na'urar ta tilasta aka cike, ta sa sunan asibitin a madadinta. Biyu take iya yi a rana, wani lokaci ɗaya.

Ta kai na ashirin da tara aka kawo mata takardar ritaya, da godiya, da agogon bango. Washegari lambarta ta shiga na'urar ta daina aiki.