Gwaggo Mai Koyil da Gwangwanin Raba Eriya

Gwaggona ta shekara talatin tana naɗa koyil, wato wayar tagullar cikin injin fanka. A shagon mijinta ta koya, da ya rasu ta ci gaba, har unguwa ta manta sunanta, sai dai Mai Koyil. Yatsunta sun yi kanta, tabaraunta ɗaure yake da zare, kuma ban taɓa jin ta ce "bari in gwada" ba. "Kawo" kawai take cewa.

Ƙannenta biyu, Babanmu da Baffa, gida ɗaya suke tun da suka yi ritaya. Kowa da rediyonsa mai gajeren zango, amma eriyar ɗaya ce, wata doguwar waya daga rufi zuwa bishiya. Baba labarai yake saurare da la'asar, Baffa kuma sharhin ƙwallo a daidai lokacin. Sai suka murɗe wayoyinsu biyu a jikin eriyar. Tun daga nan, in Baffa ya juya tasha, rediyon Baba sai ya kama fito kamar butar shayi. Wata guda ba sa gaisawa sai ta bakin matansu. Ranar da Baffa ya sauko da akwatinsa ya ce zai koma wurin ɗansa, aka tura ni in ɗauko Gwaggo.

Ta zauna a baranda, ta saurari fiton sau ɗaya.

"Ku yaran nan," ta ce wa masu furfura biyu, "kun haɗa rediyo biyu baki da baki, ina za su bar faɗa?"

Ta fasa wani mataccen rediyo ta ciro wani baƙin zobe daga cikinsa. Ta murɗa siraran wayoyin tagulla biyu tare, ta naɗa su a zoben sau goma. Ta huda gwangwanin madara wuri uku: ɗaya na eriya, biyu na rediyo. Tsakanin biyun nan ta liƙa wata 'yar mitsitsiyar na'ura, resista, da dalma, ta ce ita ce mai rabon faɗa.

"Yaya," in ji Baba, "ni ne babba, nawa ya kamata ya fi ƙarfi."

"Tare na murɗa su, tare na naɗa. Rabi-rabi ne. In girma ake bi, ni zan kwashe duka."

Ta kafe gwangwanin a ginshiƙin baranda, ta miƙa wa kowa wayarsa. Baffa ya ja tasa, taku uku ta ƙare.

"Yaya, wannan ba za ta kai ɗakina ba."

"Ba za ta kai ba. In ta yi tsawo, sautin a hanya zai zube."

Ni dai na hango cikakken ƙunshin waya a jakarta. Ta leƙo ni ta saman tabarau, sai na kama nazarin rufi.

Dole suka jawo benci ɗaya suka kunna. Baffa ya yi ta juya tasha da gangan, rediyon Baba ko tari bai yi ba. Can aka ci ƙungiyar Baffa, Baba ya rage muryar labaransa.

"Wa ya ci?"

"Ina ruwanka?"

"To mai tsaron gidan naku barci yake?"

Baffa ya gyara zama ya shiga bayani har aka tashi wasan. Daga baya ya ce wa matarsa ta mayar da akwatin, tafiyar sai an gama kakar wasanni. Kaka huɗu ke nan.