Kunne Mai Gyaran Kwamfuta

A layin masu gyara kowa Kunne yake ce masa, don ba ya kwance kwamfuta sai ya kafa mata tsinin sukundireba, ya kara kunnensa a mariƙin ya saurara. Maƙwabta har tsiya suke masa wai boka ne.

Wata safiya ƙanwar mahaifiyarsa ta shigo rungume da kwamfutarta ta tebur, wadda ta ƙi tashi. An ce mata sai an goge komai, ga hotunan marigayi mijinta duk a ciki.

Kunne ya saurara, ya yi murmushi. "Inna, kwantar da hankalinki. Ma'ajiyar bayanan kwamfutarki gauraye take, faifai mai juyawa da ɓangaren ƙara sauri. Faifan lafiyarsa lau, bayanan da ke tada ta ne suka rikice."

Sai da ya kwashe hotunan kaf sannan ya gyara. Da fuskar marigayin ta bayyana, Inna ta goge gilashin da gefen mayafinta.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," in ji ta. "Duk wanda ya sake ce maka boka, turo min shi."